Haruffa Masu Fara'a: Asalinsu, Aikinsu da Iyakarsu



Gabatarwa

Yawancin masu karatu sukan ɗauka cewa idan suka ɗora ido a kan takarda, kalmomi kaɗai suke gani. Alhali kuwa kafin ma'anar kalma ta isa zuciya, surar harafi ta riga ta isa ido, ta kuma yi nata jawabin. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, haruffa ma suna da fuska. Akwai masu ɗaure fuska kamar alƙali a zaman shari'a, akwai masu kamun kai irin na akawu, akwai kuma masu fara'a, waɗanda ke tarbar mai karatu tun daga nesa. Wannan lacca za ta tsaya ne a kan kashin ƙarshe, watau haruffan nan masu kauri, ɓul-ɓul, marasa tsini, waɗanda akan gani a jikin kwalin alewa da bangon littattafan yara da allunan talla. Za a duba asalinsu, da dalilin da ya sa ido ke ganin wasa a jikinsu, da inda suka dace da inda ba su dace ba. Daga ƙarshe za a kawo wata matsala da ta shafi rubutun Hausa kai tsaye.

Haruffan Karatu da Haruffan Kanu

Ma'aikatan ɗab'i sun kasa haruffa gida biyu. Na farko su ne haruffan karatu, waɗanda ake zuba cikin littafi ko jarida da su. Akan auna tsawon harafi da wani awo da ake kira poyin, wanda 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya, kuma haruffan karatu ba su cika wuce poyin 9 zuwa 12 ba. Aikinsu shi ne su ɓoye kansu, mutum ya karanta shafi hamsin bai lura da su ba. Na biyu su ne haruffan kanu, waɗanda ake buga kan labari da sunan littafi da sanarwa da su. Su ba ɓuya suke yi ba. Aikinsu irin na sanƙira ne a kasuwa: su ɗaga murya, su tsai da mai wucewa, su faɗi magana a gajarce.

Daga zamanin Johannes Gutenberg, wanda ya fara buga littattafai da haruffan darma a birnin Mainz na Jamus wajen shekarar 1450, har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, kusan duk haruffan da aka ƙera na karatu ne. Idan ana son kanu, sai a ɗauko irinsu manya. Abin da ya sauya wannan hali shi ne ciniki. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, kaya suka yi yawa, sai kowane ɗan kasuwa ya buƙaci takardar talla wadda za ta fi ta maƙwabcinsa jan ido. A farkon ƙarni na 19 maƙeran haruffa na Landan, musamman Robert Thorne, suka fito da haruffa masu ƙiba ƙwarai. A Amurka kuma Darius Wells ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffa daga katako, ya fitar da kundin samfurinsu cikin 1828, domin darma tana da nauyi da tsada idan harafi ya girma. Sai dai haruffan wancan zamani, duk da kaurinsu, akasarinsu masu kaifi ne da kusurwa. Ihu suke yi, ba murmushi ba.

Oswald Cooper da Baƙin Harafinsa

Mutumin da ya haɗa kauri da taushi ta yadda duniya ta karɓa shi ne Oswald Cooper, Ba'amurke, wanda aka haifa cikin 1879 ya rasu cikin 1940. Ya koyi zanen haruffa a birnin Shikago a hannun Frederic Goudy, ɗaya daga cikin mashahuran masu wannan sana'a. Cikin 1904 ya haɗa gwiwa da Fred Bertsch suka buɗe shagon zanen talla. Wannan tushe yana da muhimmanci, domin Cooper ba a ɗakin littattafai ya goge ba. Ya goge ne wajen rubuta talla da hannu, inda ya san abin da ke tsai da idon mai saye.

Cikin 1922 kamfanin Barnhart Brothers & Spindler na Shikago ya fitar da zubin haruffansa mai suna Cooper Black. Wanda ya ƙura wa wannan zubi ido zai lura da abubuwa huɗu. Na ɗaya, babu wani wuri a jikin harafi da ya ƙare da tsini. Ko 'yan ƙafafuwan da haruffa ke tsayawa a kai an mulmule su kamar curin fura. Na biyu, gindin haruffan ba a miƙe yake sak ba, yana da ɗan kumburi, shi ya sa layin rubutu ke zama kamar yana rausaya. Na uku, farin da ke cikin harafin "o" ƙarami ne, kuma a karkace yake, kamar yadda hannun mutum kan bar shi idan ya yi rubutu da faffaɗan alƙalami. Na huɗu, ƙananan haruffa suna da tsawo sosai idan aka gwada su da manya, saboda haka kalma takan cika wurinta ta zama dunƙule guda.

Masana ɗab'i masu ra'ayin gargajiya ba su yi na'am da shi ba, sun ga kamar ya rasa kunya. Amma 'yan kasuwa suka yi rububinsa. Kasuwarsa ta kai har kamfanonin hamayya suka shiga neman kishiyarsa, kuma Goudy da kansa, malamin Cooper, ya zana Goudy Heavyface cikin 1925 don amsa wannan buƙata. Akwai kuma wani dalili na aiki da ya taimaka masa. Takardar jarida tana shan tawada, tawadar ta bazu, ta cinye siraran layuka, ta dakushe tsini. Harafin da tun asali ba shi da tsini ba ya asarar kome a irin wannan takarda.

Faɗuwa da Dawowa

Ba a daɗe ba yayi ya juya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu zane a Suwizalan da Jamus suka yaɗa ra'ayin cewa harafi nagari shi ne wanda ba ya nuna son rai, miƙaƙƙe, marar ado. Zubin Helvetica, wanda Max Miedinger ya zana aka fitar cikin 1957, shi ya zama tutar wannan ra'ayi, bankuna da manyan kamfanoni suka rungume shi. Haruffa irin na Cooper sai suka koma kantunan unguwa.

Amma tsohuwar zuma da ita ake magani. Abubuwa biyu suka dawo da su. Na farko shi ne sauyin fasaha. A shekarun 1960 aka soma barin darma ana tsara haruffa ta hanyar hoto, abin da ya ba da damar a matse su har su taɓa juna, kuma haruffa masu kumburi sun fi kowane iri kyau idan aka matse su. A daidai lokacin kamfanin Letraset na Ingila ya fito da haruffan da ake gogawa daga leda su manne a takarda, sai ɗalibi ko ƙaramin mai shago ya iya tsara kanu ba tare da zuwa maɗaba'a ba. Na biyu shi ne halin matasan zamanin, waɗanda suka gaji da fuskar hukuma. Cikin 1966 mawaƙan Beach Boys suka fitar da faifansu Pet Sounds da Cooper Black a bangonsa, daga nan ya bazu a kan fayafayai da riguna da mujallu. Cikin 1970 Letraset ya fitar da Frankfurter, wanda aka raɗa wa sunan wani tsiran alade na Jamus saboda kamannin gaɓoɓinsa. Cikin 1979 kamfanin motoci na Volkswagen ya sa aka zana masa VAG Rounded, zubi marar ƙafafuwa mai mulmulallun baki, wanda daga baya kamfanin Apple ya yi shekaru yana buga shi a kan maɓallan kwamfutocinsa.

Wannan juyi bai tsaya nan ba. Kamfanin jiragen sama na easyJet, wanda aka kafa cikin 1995, ya rubuta sunansa da Cooper Black don ya nuna wa talaka cewa hawa jirgi ba sai attajiri ba. Cikin 2021 kamfanin abinci na Burger King ya sake tambarinsa, ya koma ga haruffa masu kauri da taushi irin na shekarun 1970. Abin lura a nan shi ne, duk lokacin da haruffa masu ɗaure fuska suka cika gari har mutane suka ƙosa, sai masu fara'a su sake samun kasuwa.

Me Ya Sa Ido Ke Ganin Wasa?

Tambaya ita ce, shin wannan fara'a tana jikin harafin ne, ko kuwa sabo ne kawai? Masana halayyar ɗan Adam sun ba da amsoshi uku.

Cikin 1929 Wolfgang Köhler, Bajamushe, ya zana siffofi biyu, ɗaya mai tsini ɗaya mai kumburi, ya kawo sunaye biyu na ƙirƙira, "takete" da "baluma". Mutane suka riƙa ba mai tsini suna na farko, mai kumburi na biyu. Cikin 2001 Vilayanur Ramachandran da Edward Hubbard suka maimaita gwajin da "kiki" da "bouba", mafi yawan mutane suka yi irin wannan zaɓi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin harshensa ya riga ya shaida. A dubi tsini da tsinke da siriri a gefe guda, sannan a dubi kumbura da dunƙule da mulmule da ɓul-ɓul a ɗaya gefen. Baki da kansa yakan zagaye wajen furta na biyun.

Amsa ta biyu ta zo daga Konrad Lorenz, wanda ya bayyana cikin 1943 cewa siffar jariri, watau babban kai da cikakken kumatu da gajerun gaɓoɓi, tana motsa tausayi a zuciyar mutum. Harafi mai kauri da gajerun hannuwa yana da wani abu na wannan siffa. Amsa ta uku ita ce binciken Moshe Bar da Maital Neta na 2006, wanda ya nuna cewa mutane sun fi son abubuwa masu lanƙwasa a kan masu kusurwa, mai yiwuwa don ido ya saba ɗaukar kaifi a matsayin haɗari, irin na ƙaya da wuƙa.

Duk da haka bai kamata a ɗora kome a kan halitta ba, domin al'ada ma tana da nata hannu. Misali yana nan kusa. Rubutun Kano na ajami, wanda ake yi da alƙalamin kara mai faɗin baki, rubutu ne mai kauri da cika ido, kuma da shi mashahuran marubuta irin su Sharu Bala Gabari suka rubuta Alƙur'ani aka buga aka yaɗa. Babu almajirin da zai dubi wannan kauri ya ga wasa. Kwarjini yake gani. Ashe kauri kaɗai ba ya kawo raha. Sai ya haɗu da taushin baki da rausayar layi, sannan jama'a su saba ganinsa a jikin alewa da kayan yara, kafin ya zama harafin wasa.

Ƙa'idojin Aiki da Su

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji biyar.

Ta farko, a ba su girma. Ido yana gane harafi ne da farin da ke cikinsa kamar yadda yake gane shi da baƙinsa. Harafi mai kauri farinsa kaɗan ne, idan aka ƙanƙanta shi sai farin ya toshe, "a" da "e" da "o" su koma ɗigo iri ɗaya.

Ta biyu, a taƙaita magana. Kalma uku zuwa shida sun isa. Wanda ya buga sakin layi guda da irin wannan harafi ya zama kamar mai dafa miya da gishiri zalla.

Ta uku, a haɗa su da abokin tafiya mai kamun kai. Idan kanu ya yi fara'a, bayanin da ke ƙarƙashinsa ya zo da harafin karatu na sosai. Sanƙira biyu ba sa shela a wuri ɗaya a ji abin da suke faɗi.

Ta huɗu, a kula da tazara da launi. Ana iya matse haruffan kaɗan, amma a bar fili a kewayen kalmar don ta numfasa, kuma launinta ya bambanta sarai da na bango. Ƙara musu inuwa da zane-zane ba ya ƙara kome sai hayaniya.

Ta biyar, wadda ta fi sauran nauyi, a dubi zance kafin a zaɓi harafi. Wannan ta shafi ma'aikatan gwamnati musamman, domin a yau akawu da kwamfuta a gabansa yana yin aikin da a da sai gwanin maɗaba'a. Sanarwar rigakafin yara, da gangamin yaƙi da jahilci, da allon makarantar firamare, da tallar abinci, duk sun dace da harafi mai fara'a, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma sammacin kotu, da takardar haraji, da saƙon ta'aziyya, da gargaɗin ɓarkewar annoba, idan suka zo da fuskar wasa, mai karatu zai ɗauka ko dai ba da gaske ake ba, ko kuwa an raina shi. Ko manyan masana ba su tsira daga wannan ba. Ranar 4 ga Yuli, 2012, lokacin da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta ba da sanarwar gano ƙwayar zarrar Higgs, an nuna wani sashe na bayanin da Comic Sans, zubin da Vincent Connare ya zana cikin 1994 bisa salon rubutun littattafan barkwanci. Sai mutane da yawa a intanet suka bar zancen binciken suka koma muhawara a kan harafi.

Matsalar Haruffa Masu Ƙugiya

Saura batun da ya fi shafar masu rubutu da Hausa. Tun shekarun 1930 aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin 1939 ta taimaka wajen zaunar da su a idon jama'a. A Nijar akwai na huɗu, watau ƴ, inda Nijeriya ke rubuta 'y. Amma su Cooper da takwarorinsa Turawa suka zana wa haruffa, ba su san da ƙugiya ba, kuma har yanzu haruffan kanu masu yawa ba su da ita.

Sakamakon haka a bayyane yake. Mai tsara allo yakan zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyi uku, kuma duk ba su da kyau. Ko dai ya yar da ƙugiyar, sai "Maraba da baƙi" ta koma "Maraba da baki", gargaɗi a kan ƙura ya koma gargaɗi a kan kura, ƙafa ta zama kafa. Ko kuwa kwamfuta ta aro masa harafin daga wani zubi, sai a ga ramammen ƙ a tsaye tsakanin ƙattai. Ko kuma ta bar masa akwati fanko a tsakiyar kalma. Abin takaici shi ne, littattafan yara da allunan makaranta su suka fi buƙatar harafi mai fara'a, kuma yaro mai koyon karatu shi ya fi kowa cutuwa idan aka ɓatar masa da bambancin b da ɓ. Mai rubutun allo da buroshi, wanda ke ƙawata jikin manyan motoci da ƙofofin shaguna, ya fi kwamfuta 'yanci a nan, domin hannunsa yana iya lanƙwasa ƙugiya yadda ya ga dama.

Zana ƙugiya a harafi mai kauri aiki ne mai buƙatar basira. Idan ta yi ƙanƙanta sai ta zama kamar ɗigon tawada, ba a bambanta ta da kan harafin "b" na asali. Idan ta yi girma, ƙugiyar ɗ takan ci karo da dogon harafin da ke biye da ita. Dole mai zane ya ɗan rage mata kauri, ya buɗe farin da ke ƙarƙashinta, ya kuma gyara tazarar da ke tsakaninta da maƙwabtanta. Haka nan manyan Ɓ da Ɗ, waɗanda ƙugiyarsu ke fitowa ta hagu, suna buƙatar a ba su fili.

Ba a ce ba a taɓa yin wani yunƙuri ba. A shekarun 1980 an tsara zubin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, wanda Hermann Zapf na Jamus ya kammala zanensa. Ƙungiyar SIL ta fitar da Andika don masu koyon karatu, da ƙugiyoyinsa cif, ta kuma fitar da Alkalami bisa salon rubutun Kano na ajami. Ma'aunin Unicode ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa, saboda haka kwamfuta ba ta da sauran uzuri. Inda giɓi ya fi yawa shi ne haruffan kanu. A nan Indiya ta ba da misali: kamfanin Ek Type ya zana Baloo, zubi mai kauri da fara'a, ya yi shi a rubutun Devanagari da Bengali da Tamil da wasunsu, don kada yaran ƙasar su ga cewa murmushi sai a harshen baƙi. Haruffa da yawa a yau suna ƙarƙashin lasisin da ya yarda kowa ya gyara ya ƙara, muddin ya bi sharuɗɗansa. Ƙofa ke nan a buɗe ga ɗaliban zane da na harshe.

Kammalawa

An ga yadda ciniki ya haifi haruffan kanu, da yadda Oswald Cooper ya sanya musu taushi cikin 1922, da yadda suka faɗi suka tashi tare da juyin fasaha da na yayi. An ga cewa fara'arsu tana da tushe a halittar ido da kunne, amma al'ada ce ke yanke hukuncin ƙarshe. Abin da ya rage aiki ne na hannu biyu. Ma'aikacin da zai ba da kwangilar buga sanarwa ya sa sharaɗi cewa sai zubin da ke da ɓ da ɗ da ƙ, ya kuma duba samfuri da idonsa kafin a buga dubbai. Ɗalibi mai sha'awar zane kuma ya ɗauki fensir ya gwada lanƙwasa ƙugiya a harafi mai kauri har ta zauna daram. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da wasa da renon 'ya'ya da shi ya cancanci haruffan da za su yi fara'a ba tare da sun ɓata masa kalma ba.